Kada Ka Raina Fitilar Baya

Unguwar Guéma, Parakou,
ranar Juma'a bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da innarka da ƙannenka da duk mutanen gida, masu tambayata da waɗanda suka daina. Allah ya tsare ku dare da rana.

Yau shekara huɗu da 'yan watanni ke nan rabona da Djougou, tun ranar da aka yi addu'ar bakwai ta kakarka na hau mota na dawo nan. A lokacin muryarka ba ta gama buɗewa ba. Shekaran jiya sai ga Sabi direba ya tsaya bakin rumfarmu, ya ce, "Malam Garba, ɗanka ya ba ni saƙo." Ya ce bayan babbar salla za ka bar gida ka koma Beteru wurin kawunka Idi, zai ba ka tsohon motonsa, wato babur, ka riƙa kai nama ƙauyuka da asuba. Ya ce fitilar moton ba ta da haske, ka ga wata babba a kasuwa irin ta mota, kana tambaya ko in ka saya za ta yi.

Sai da na sa Sabi ya maimaita, ba don ban ji ba. Ga kawunka, ga baffanka a cikin gida, ga masu gyara cike da gari, amma ka tsallake su ka aiko wa gurgun tsoho da ke zaune a garin wasu. Na gode, Abba. Ka ce da innarka na gode, don na san ba ta ɓata sunana a kunnenka ba, ko da yake da ta ɓata ɗin ma ba ƙarya za ta yi ba.

Amsar gajeruwa ce: kada ka saya. Amma na san jininmu. In aka ce mana kada ba a faɗi dalili ba, washegari mun yi. Don haka ka samu wuri ka zauna, zan gaya maka yadda fitilar moto ta raba ni da teburina, ta kuma rage mini ƙafa ɗaya.

Lokacin da na sayi motona ana kiran ƙasar nan Dahome, kuma a layin mahauta ni ne na biyu da ya hau moto. Irin na kawunka ne. Wutarsa ba daga batir take zuwa ba, daga bobin take fitowa, wani naɗin waya da ke cikin injin. In ka ba shi wuta haske ya ƙaru, in ka sassauta ya ragu. Ni ban san wannan ba, kuma ban tambaya ba, don a ganina wanda ya iya feɗe sa shi kaɗai ba ya tambayar yaro mai baƙin mai a hannu. Na dai ga hasken bai ishe ni ba, sai na zo nan Parakou, na shiga kasuwar Arzeke, na nuna ƙwan fitila mafi girma a rumfar wani mai kayan moto.

Mutumin nan bai cuce ni ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya ce, "Maigida, wannan ampul na mota ne."

Na ce, "Shi nake so. Moto ai ƙanin mota ne."

Ya dube ni ya ce, "To, kuɗinka ne."

Na koma Djougou na cusa shi da ƙarfi, na ɗaure da waya don bai zauna a gurbinsa ba. Bayan magariba na tara mahauta su ga abin mamaki. Na taka moto, na kunna. Abba, wani ɗan ja-ja ne ya fito, kamar garwashin da ya kwana. Kawunka Idi, ka san tsakanina da shi wasa ne, ya durƙusa ya miƙa tafukansa biyu gaban fitilar, ya ce, "Yaya Garba, ƙara wuta, sanyi nake ji." Wani ya ce a kawo tsire a gasa. Har na bar garin nan akwai masu kirana Mai Garwashi.

Abin da ban sani ba shi ne, a gindin kowane ƙwan fitila, kan ƙarfen, akwai lamba biyu. Ta farko volt ce. Ƙaramin moto irin namu shida yake bayarwa, mota kuwa goma sha biyu. In ka sa na goma sha biyu a kan shida, rabin cikinsa kawai ya samu, ba zai yi haske ba. Ta biyu watt ce, wato yawan abin da yake ci. In ya fi ƙarfin bobin ɗinka, ja zai yi. In ya gaza sosai, zai yi fari ƙal ya burge ka, sannan ya ƙone. Girman gilashi ba shi ne haske ba. Ka cire tsohon ƙwan, ka tafi da shi kasuwa a aljihu, ka haɗa lambobin da idonka. Babbar fitilar da ka gani, ina da yaƙinin ta goma sha biyu ce.

Na maida ƙwan da ya dace, amma ban haƙura ba. Na leƙa cikin fitilar na ga kwanon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwai, wanda ke tattara haske ya jefa shi gaba, ya ɗan dushe. Mu mahauta duk abin da ya dushe toka da yashi muke ba shi, daro ne ko faranti ko wuƙa. Na zauna na dirje shi kamar farantin tsire, har ina waƙa. Da na ɗauraye sai na ga ƙyallin ya tafi da ruwan, ya bar baƙin ƙarfe. Ashe wani ɗan shafe ne marar kauri, ko farce yana kankare shi. Daga ranar hasken ya watse, yana haska ganyen itatuwa da katangar mutane, hanya kuwa duhu. Kai, in ka buɗe naka, tsumma mai laushi kawai za ka sa, a hankali kamar kana share wa jinjiri ido. In ƙyallin ya riga ya tafi, babu gyara, sabon kwano za a saya, kuma sau da yawa shi kaɗai ya ishe ka, ba sai ka taɓa ƙwai ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar takarda.

Ka san yadda muke ɗaure nama a baya, cikin daro ko buhu, a ja da roba. Komai ɗaurinka, ruwan nama da jini sai sun tsiyaya, kuma inda suke sauka shi ne kan fitilar baya. Su shiga ciki, su ci ƙarfen, su ruɓar da waya. Wata rana ƙaramin ƙwan baya ya mutu. Ban damu ba. Na ma lura tun da ya mutu fitilar gaba ta ƙara haske, fari tas. Na yi murna. Na ce ashe ɗan banzan nan ne ke sace mini wuta! Idi ya ce, "Yaya Garba, ka gyara ta baya." Na ce, "Ni gaba nake tafiya, wanda ke bayana ya sayi tasa."

Sai ƙwan gaba ya fara ƙonewa. In sa sabo, mako bai cika ba ya mutu. Na zagi masu sayarwa na ce jabu suke ba ni. Na zargi wani abokin sana'a cewa baki ya yi mini. Har wurin malam na je. Malamin nan, Allah ya jiƙansa, ya yi mini addu'a, sannan ya ce, "Garba, na yi nawa, saura ka kai shi wurin masu gyara su yi nasu." Na karɓi addu'ar na bar shawarar a zaurensa.

Ranar da abin ya faru na taso tun kafin asuba da rabin sa a baya, zan kawo wa wani mai biki nan Parakou. Gari bai waye ba na kai gangaren da ke sauka zuwa gadar Beteru, hanyar da za ka riƙa bi kullum. Na sakar wa moto wuta don in samu ƙarfin hawa ɗaya gefen. Fitilar ta yi wani irin fari da ban taɓa gani ba, sai ɗif. Idon da ya saba da haske, in aka ɗauke masa farat ɗaya, ko hannunka ba ka gani. Ban san garken shanu na tsallaka hanya ba sai da na ji na daki abu mai taushi da nauyi. Na tashi sama, na faɗo, moto ya faɗo kan ƙafata.

Ina kwance tsakiyar hanya, ba na iya jan jiki, sai na ji kukan kamiyo, babbar motar kaya, yana gangarowa ta inda na fito. Babu haske ko ɗaya a jikina ko a jikin moto da zai nuna wa direban akwai mutum. Na yi kalmar shahada. Sai na ga wani ɗan haske yana gudu, ya wuce ni, ya hau gangaren yana kaɗawa. Makiyayin ne, wani Bafulatani mai suna Yero, da 'yar tocilarsa mai batir biyu. Ya tsaya tsakiyar hanya, bai kauce ba, har kamiyon ya ja birki yana ƙara, ya tsaya dab da shi. Direban ya sauko yana zagi da harshe uku.

Karsanar da na daka ta karye, dole aka yanka ta a wurin. Ka san abin da karsana take a wurin Bafulatani. Ina cikin ciwo na ce masa, "Ka faɗi kuɗinta, ni mahauci ne, na san daraja." Ya ce, "Kai dai, Kaɗo, je ka a ɗaure maka ƙafa. Ita ta riga ta tafi, kai ba ka tafi ba." Shi da direban suka ɗora ni kan buhunan doya aka kawo ni asibitin Parakou. Sau biyu yana zuwa duba ni da ƙwaryar nono, kuma bai taɓa tayar da zancen karsana ba. Duk lokacin da na ji zuciyata ta cika da ɗacin mutane, shi nake tunawa in ji kunya.

Bayan na fito da sanda, aka nuna mini inda aka ajiye ragowar moton, rumfar wani mai gyaran wutar moto kusa da Arzeke, mutumin kudu, Kirista, ana ce masa Patoro Kojo. Ya buɗe fitilar baya, ya kai hanci ya sunsuna, ya yi tsaki ya ce, "Mahauci, moton nan ya fi ka cin nama." Sannan ya zaunar da ni kan benci. Ya ce bobin kamar uwa ce da ke dafa tuwon yara biyu, kullum ma'auni ɗaya, kuma ba ta yarda a bar saura. In ƙaramin ya daina ci, babban ake ɗura wa duka. Da farko zai yi ƙiba ka ji daɗi, ranar da ka ba injin wuta sosai, cikinsa ya fashe. Ya ce, "Ƙwan da bai kai kuɗin goron safe ba, shi ya ci ƙafarka." Na yi kuka a rumfar nan, gaban masu wucewa. Sai ya miƙo mini waya da filaya ya ce in riƙe masa. Riƙon da nake yi ke nan har yau. Ya koya wa mai furfura sana'a bai taɓa yi mini gori ba, kuma in lokacin salla ya yi shi ke cewa, "Garba, tashi, Allahnka na kira."

To ka ji. Kowace asuba kafin ka ɗora nama, ka taka moto ka zagaya baya ka ga jan hasken nan da idonka. In ya mutu, kada ka tashi sai ka canza. Ka yanko tsohuwar robar taya ka yi wa fitilar baya 'yar rumfa, ruwan nama ya bi ta kai ya zuba ƙasa. In ka dawo ka share ta kafin ka wanke hannunka.

In hasken gaba ya ragu, kada hannunka ya fara zuwa aljihu. Fara da share gilashi. Duba wayar da ake ce wa mas, wadda ke ɗaure a jikin ƙarfen moto, don rabin motocin da ake kawo mana da kukan rashin haske tsatsa ce kawai a wurin, mu kankare mu ɗaure, mai shi ya tafi yana cewa mun iya sihiri. Kunna fitila ka juya kan moto dama da hagu. In tana ƙiftawa, waya ce ta goge a wuya. Duba makunni, yana tara datti. Duba ɗan ƙarfen da ke danne gindin ƙwai, in ya saki ka ɗan ɗago shi. Sai ka gama waɗannan za a yi zancen saye.

In aka zo saye kuwa, ba na cikin tsofaffin da ke cewa duk sabon abu banza ne. Akwai masu kyau. Na farko da zan sa maka shi ne wani ɗan ƙarfe da ake kira regilate, mai shanye rarar wuta. Da ina da shi, da yau da ƙafata nake tafiya. Sannan akwai sabon ƙwai da ake ce wa alojen, ana samun na volt shida in an nema, yana da haske ƙwarai ba tare da ya ƙara ci ba. Amma yana da sharaɗi da ya shafe mu musamman: ba a taɓa gilashinsa da yatsa. Maiƙo kaɗan in ya zauna a kai, wurin zai yi zafi ya kumbura ya fashe. Hannun mahauci kuwa ko an wanke da sabulu sau uku akwai kitse a ciki. Ka kama shi da takardar da ya zo a ciki. Masu ƙara fitila ta biyu da ta uku a gaba, kamar 'yan zemijan, masu haya da moto, da suka fara cika garin nan, kada su burge ka. Tuwon yara biyu ne suke raba wa huɗu. Masu liƙa shuɗiyar leda a gilashi don ado, su kuma haskensu suke rufewa da kuɗinsu. Za ka ji ana cewa a sake naɗa bobin ya koma goma sha biyu. Ana yi, Patoro Kojo ya iya, amma aiki ne na wanda ya ƙware, kuma ga tsohon moton kawunka ban ga dalili ba.

Saura abu ɗaya da masu gyara da yawa ba su sani ba, don ba su taɓa ɗaukar rabin sa ba. In ka ɗora kaya, bayan moto ya zauna, hancinsa ya ɗaga, fitilar da aka saita ba kaya sai ta koma haska sama da idon masu tahowa. Ka saita ta da kaya a kai, kai ma kana zaune, kana fuskantar bango daga ɗan nesa, hasken ya sauka ƙasa da ƙugunka. In mota na tahowa ka sauke haske zuwa kod, wato na kusa, don direban da ka makantar kanka zai faɗo. In ka ga idanu suna ƙyalli a hanya, shanu ne. Ka rage gudu, ka sauke haske, kada ka yi oda, ka yi wa makiyayi sallama. Kuma a gangaren gadar nan, don Allah, Abba, ka sassauta. Naman da ya makara ana sayensa.

Na san ana cewa a gida na gudu na bar ku. Ba zan ɓoye maka ba, har yau in na tuna ina kwance a asibiti baffanka ya kafa nasa tebur a gurbin nawa, abinci ba ya wuce mini. Mutanen da suka shekara suna cin tsirena, ko gaisuwa ba su aiko ba. Amma ƙafar nan ba ta tsayuwar tebur, kuma daga teburin nan baffanka ya ciyar da ku a shekarun da abin da nake aikowa bai kai cefanen mako ba. Ka girmama shi. Ɗacin nawa ne, ba gadonka ba ne. Kawunka kuwa ya faɗa mini gaskiya tun da wuri na mayar da ita wasa, yau kuma ya ɗauki ɗana ya ba shi abin hawa. Ka bi shi sau da ƙafa, in ya yi maka dariya ka saurara, akwai magana a ciki.

Beteru ba nisa da nan. In ka sauka ka huta, ka kawo mini moton kafin ka yi jigila ko ɗaya da shi. Ka taso bayan rana ta fito, ka zo Arzeke ka tambayi rumfar Patoro Kojo. In ka ga tsoho da sanda yana kallonka bai gane ka ba, ka yi masa uzuri.

Ka gaida innarka, ka ce Allah ya saka mata da Aljanna. Ka gaida ƙannenka, da baffanka, da layin mahauta duka, har masu kirana Mai Garwashi. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa duk inda ka fita ka dawo da ƙafafunka biyu. Allah ya sa albarka a sana'arka, ya haɗa ka da mutane irin waɗanda ya haɗa ni da su. Amin.

Ga abin da na iya tarawa a shekarun nan, yana nan yana jiranka. Kuɗi jaka talatin da takwas, a ciki biyar na Yero ne, an ce yana sauka yamma da gada in damina ta wuce, kai za ka neme shi ka kai masa, in ya ƙi karɓa ka saya masa batir da gishirin shanu. Regilate ɗaya. Kwanon fitila sabo ɗaya. Ƙwan alojen biyu, ban taɓa su da hannu ba. Ƙwan fitilar baya guda goma.

Ni ne mahaifinka,
Garba.